Ƙwayayen Lantarki a Cikin Ƙwarya

Karu, 6 ga Yuni, 2005

Abba,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da matarka Kauthar da yara.

Andrew ɗan kawunka ya zo jiya daga Karshi da labarin gida, bari in fara da shi. Ƙanwarka Hussaina lafiya lau, ciki ya tsufa, ƙafa ce kawai ke kumbura. Mijinta lafiya. Luba maƙwabciyarmu ta warke daga zazzaɓi, amma mijinta ya faɗo daga kan babur ya karye a hannu, an ɗaure. Akuyata ta haifi biyu, ɗaya bai zo da rai ba. Wanda ba shi da lafiya sosai shi ne kawunka Ishaya. Tarin nan ya dawo masa, ko coci ba ya iya zuwa, kuma Andrew ya ce yana ta tambaya ko yayarsa ta manta hanyar gida ne. Ni kuwa a nan lafiyata ƙalau, sai gwiwa, sai kuma shiru.

Tun bayan ƙaramar Salla da ka ɗauko ni ka ajiye ni a gidan nan da gwamnati ta ba ka, ka ce za ku ɗan zauna a Garki wajen Kauthar don ya fi kusa da makarantar yara, ban gan ka ba sai ranar da ka kawo shinkafa. Ko motar ba ka kashe ba. Ba ƙorafi nake yi ba, na san aiki.

Amma gidan nan yana da ci, Abba. Akwai wani akwati a bango wajen ƙofa da faifai a ciki. Maƙwabciyata Rosemary, wadda ke buga takardu a sakatariyarku, ta ce sunansa mita, kuma duk juyin da faifan ya yi kai za ka biya. Na tsaya na kalle shi. Na kunna fanka, ya ƙara sauri. Na kunna abin dafa ruwan wanka, sai ya kama gudu kamar ana korarsa. Na ce a raina, ashe gumin ɗana ake niƙawa a nan. Tun ranar na kashe firij, ba ni da abin da zai ruɓe. Fitila ɗaya nake kunnawa, ita ma sai in zan ci tuwo.

Ruwa kuma abin har kunya yake ba ni. Masai ɗin nan na cikin ɗaki, in ka ja igiya, bokiti guda na ruwa garau yake haɗiyewa, ruwan da a Karshi sai mace ta je rafi ta dawo da ciwon wuya kafin ta samu. Yanzu ruwan wanki nake tarawa in zuba masa. Na alwala kuma ina tare shi a kwano in zuba wa tattasan da na shuka.

Za ka ce me ya hana ni kiranka a wayar da ka ba ni. Tana cikin akwati, na naɗe ta da ɗankwali. Ita ma kullum sai ta sha wuta. Ni kuwa da furfura a kaina na zauna a ajin yaƙi da jahilci, mata suna dariya, har na iya riƙe biro. Biro ba ya shan wuta, kuma Rosemary kullum tana wucewa ta ƙofar ofishinka.

Abin da nake roƙo shi ne ka bar ni in je Karshi in duba Ishaya, ko na 'yan kwanaki ne. Mu biyu muka rage a ɗakinmu.

Allah ya yi maka albarka. Ka shafa mini kan Nazeer da Sumayyah.

Mahaifiyarka,
Rekiya


Garki, 10 ga Yuni, 2005

Iya,

Wa alaikumus salam. Na samu takardarki, na gode. Mu duka lafiya, Kauthar tana gaishe ki, yara suna ta tambayarki. Ki yi haƙuri da rashin zuwana. Cunkoson motoci na hanyar Nyanya kaɗai ya isa ya cinye wa mutum yini, ga oga ba ya barin kowa ya motsa.

Iya, akwai maganar da nake so ki fahimta. Gwamnati za ta sayar da gidajenta, kuma ma'aikacin da ke zaune a cikin gida shi za a fara ba damar saye, a farashi mai sauƙi. Irin wannan sau ɗaya take zuwa a rayuwar ma'aikaci. Kin ga yadda garin nan ke tashi, filin da jiya ake noman doya yau bene ne. In na rasa wannan, ban san ranar da zan mallaki ko ɗaki ɗaya a Abuja ba.

Akwai kwamiti da ke zagayawa yana duba gidajen, kuma ba sa faɗin ranar zuwansu. Don haka don Allah kada ki je ko'ina yanzu. Kada su zo su tarar da ƙofa a kulle. Maganar Kawu Ishaya, zan aika wa Andrew abin sayen magani, in an gama kuma ni da kaina zan kai ki a mota.

Zancen wuta da ruwa kuwa, Iya, ba sai kin takura wa kanki ba. Ki kunna abinki. Gaskiya ne yanzu komai tarawa nake don in iya biyan kason farko, abubuwa sun yi mini yawa, amma wannan ba damuwarki ba ce. Ki fito da wayar nan ki sa ta caji. In Allah ya sa gidan ya zama namu, komai zai daidaita.

Ki sa mu a addu'a.

Ɗanki,
Abdulƙadir


Karu, 3 ga Yuli, 2005

Abba,

Sallama da gaisuwa. Ina fata ruwan nan da ake ta yi bai hana ku fita ba.

Na karanta takardarka har ta fara yagewa a ninki. Inda ka ce gidan zai zama namu, nan na fi tsayawa. Ashe da rabon in ji ƙarar jikokina a tsakar gida. Na riga na raba ɗakuna a raina. Babban naka ne da Kauthar. Na kusa da shi na Nazeer, don tagarsa tana kallon dutse. Sumayyah kuma in uwarta ta yarda ta riƙa kwana wajena. Na shuka kuɓewa da yakuwa a bayan gida, kafin ku tare sun isa miya.

Ka ce damuwarka ba tawa ba ce. Yaushe aka fara haka? Lokacin da kake makarantar kwana, da kananzir cikin murfin kwalba nake yin dare uku don a samu na littafinka. Yanzu kana tara na gida, sai in zauna ina shan iskar fanka? Ba ni da gona a nan, ba ni da abin sayarwa. Abin da zan iya ba ka shi ne abin da ban ci ba.

Ga abin da na yi. Na sa mijin Rosemary ya nuna mini babban makunnin da ke kusa da mita, na ja shi ƙasa. Faifan ya tsaya cak. Wallahi ranar na yi barci mai daɗi. Ƙwayayen lantarki duka na hau kujera na kwance su, na jera a ƙwarya da tsumma a tsakani, kada su lalace kafin ku zo. Kujerun falo na rufe su da zannuwa. Ni kuma na koma ɗan ɗakin ajiya na kusa da kicin, ya ishe ni, fitilar ƙwai ɗaya tana haska shi duka. Girki a waje nake yi kan duwatsu uku, itace ina samowa a gindin dutsen bayan unguwa. Famfo na ɗaure bakinsa da roba. Allah yana zubo ruwa kyauta ta indararo, na jera bokitai da baho, har randa na saya.

Rosemary ta leƙo shekaranjiya, ta tsaya a falo ta riƙe ƙugu. Ka san Hausarta, ba ta raba mace da namiji.

Ta ce, “Mama, wannan gida naka ya zama kamar kabari fa. Ko ɓarawo ya shigo zai ji tausayi ya ajiye maka wani abu.”

Na ce, “Ke da kike kwana da rediyo a kunne, me kika tara?”

Ta ce, “Na tara ƙiba, Mama. Kai fa? Dubi wuyanka. Oga ya san haka kana zama?”

Na ce mata oganta ɗana ne, na riga ta sanin abin da yake so. Ta yi dariya ta tafi, anjima ta aiko mini da ƙanƙara a leda. Yarinyar kirki ce, bakinta ne ba linzami.

Abba, jikin Ishaya ya ƙara tsanani. Andrew ya ce ko kunu sai an ɗaga kansa. Maganin da ka ce za ka aika bai iso ba tukuna, na san mantuwa ce. Daga nan zuwa Karshi mota ɗaya ce, in na fita da safe la'asar ina gida. Amma ka ce kada a tarar da ƙofa a kulle, to ban je ba. Kullum da safe nakan share ƙofar gida in zauna a dakali, ko mutanen naka za su zo in huta.

Ka ba ni izini ko na yini ɗaya ne.

Allah ya tsare, ya ba ka nasara.

Mahaifiyarka,
Rekiya


Karu, 12 ga Agusta, 2005

Abba,

Assalamu alaikum. Ban ga amsar takardata ba. Rosemary ta ce ta ba ka hannu da hannu.

Kawunka Ishaya ya rasu ranar Lahadin da ta wuce. Ban gan shi da rai ba. Na je jana'iza ba tare da izininka ba, ka yafe mini, na dawo a ranar kafin magariba. Matarsa ta ce har ƙarshe in ya ji tsayuwar mota sai ya ce a duba ko Yaya ce. Mutane sun yi ta tambayarka, na ce aiki. Hussaina ta sauka, an samu mace.

Mutanen naka kuma sun zo ranar Laraba da hantsi. Na je ɗebo itace, ina dawowa da ɗauri a kai na tarar da mota a ƙofa, maza biyu da wata mata mai riƙe da fayil suna leƙen taga.

Matar ta dube ni ta ce, “Sannu Mama. Ke ce mai gadin gidan?”

Na sauke itacen na ce, “Ni ce uwar mai gidan.”

Ta ce in yi haƙuri. Na buɗe musu, na kawo ruwan randa a kofi, ba wanda ya sha. Ɗayan, wani dogo mai tabarau, ya tsaya gaban mita yana duba wata takarda. Ya ce wa ɗan'uwansa, “Zo ka ga ikon Allah. Mitar nan ta mutu ne?”

Na ce, “Ba mutuwa ta yi ba, ni na kwantar da ita.”

Ya ɗaga kai ya dubi silin, ya ce ina ƙwayayen. Na ɗauko ƙwaryar na nuna musu, ko ɗaya bai fashe ba. Na ɗauka za su ce an kula da kayan gwamnati. Sai suka dubi juna. Suka buɗe firij, suka ga daddawa da kuka da allurata. Dogon ya kwance robar famfo ya murɗa, famfon ya yi tari ya tofo jan ruwa. Suka shiga babban ɗaki, katifa a jingine da bango yadda na tayar da ita don kada ta yi fumfuna.

Ana cikin haka Rosemary ta shigo da gudu, ranar ba ta je aiki ba. Ta ce, “Oga yana nan kullum, sa. Da asuba yana fita, da dare yana dawo. Ni ina ganinta da idona.”

Dogon ya ce, “To madalla. A cikin duhu yake guge rigar ofis? Ko da ruwan indararo yake aski?”

Ɗayan ya yi dariya. Matar ba ta yi ba. Ta tambaye ni a hankali yaushe rabonka da kwana a gidan. Na ce ɗa in ya girma uwa ba ta ƙirga masa kwana. Ta yi rubutu mai tsawo, ta ce Allah ya ba ni lafiya, suka tafi.

Bayan fitarsu Rosemary ta zauna a dakali ta ɗora hannu biyu a kai. Ta ce, “Mama, ka kashe oga.” Na ce me na yi? Ta ce in tambaye ka.

To ina tambayarka. Ƙofa ba su same ta a kulle da daɗewa ba, ban kai rabin sa'a a wajen itace ba. Gidan tsaf yake, ba abin da ya ɓace, ba abin da ya lalace. In akwai inda na kuskure ka gaya mini, hankalina ya ƙi kwanciya, abinci ma ba ya shiga.

Allah ya sa mu ji alheri.

Mahaifiyarka,
Rekiya


Garki, 29 ga Agusta, 2005

Iya,

Bayan gaisuwa. Na jinkirta amsa ne don kada in rubuta abin da zan yi nadama.

Sunaye sun fito. Nawa ba ya ciki. Sun rubuta cewa ba ni nake zaune a gidan ba, an bar wata tsohuwa tana gadi, kuma mita ta nuna ba a amfani da shi. Za a sa shi a gwanjo, masu kuɗi su yi ta tayi. Na je na yi magiya, aka buɗe fayil aka nuna mini. Har ƙwarya an rubuta.

Iya, lokacin ina Kaduna wajen kwas. Wani abokina ya tsegunta mini tun ranar Talata cewa za su shiga layinku. Na kira wayarki har yatsana ya gaji, a kashe. Da kin ɗauka, da na ce ki mayar da ƙwayaye, ki kunna firij da talabijin, ki shimfiɗa gado, Kauthar ta kawo kayana ta rataye. Mutane da yawa haka suka yi, suka wuce lafiya. Na ce ki kunna abinki, na ce ki sa waya caji. Wutar da kika hana kanki duk ba ta kai man da nake sha a mota ba. Don ita gida ya tafi.

Na riga na gama magana da wani ma'aikacin banki da zai kama hayar gidan da zarar takardu sun fito, da abin da zai bayar zan cike biyan. Ke kuma da kin koma Karshi cikin 'yan'uwa, yadda kike ta roƙo. Kowa da ya huta. Yanzu ban san da wane ido zan dubi mutumin ba, ban san me zan ce wa Kauthar ba.

An ce a miƙa makulli kafin tsakiyar watan gobe. Ki fara haɗa kayanki, zan ga yadda za a yi.

Na ji rasuwar Kawu. Allah ya ba mu haƙuri. Ban ce laifinki ba ne, Iya, ƙaddara ce. Amma da kin ji maganata.

Ɗanki,
Abdulƙadir


Karu, 5 ga Satumba, 2005

Abba,

Assalamu alaikum. Na gode da ta'aziyya.

Na karanta. Wajen ma'aikacin banki na kai wa Rosemary ta sake karanta mini, ko idona ne, tunda karatun nawa na tsufa ne. Ta ce haka yake.

Da ka gaya mini haya za ka sa, da ban raba ɗakuna ba. Da ka gaya mini so kake a ga kamar kana nan, da na ƙona maka wuta dare da rana, ko da zuciyata tana ciwo. Ka ce gidan zai zama namu, ni kuma na ɗauka ina cikin namun. Matar nan da ta ce mini mai gadi, na kwana ina jin haushinta. Ta fi ni sanin matsayina. Sai dai shi mai gadi akan gaya masa abin da yake gadi, kuma in ƙaninsa na mutuwa akan ba shi yini ɗaya.

Jiya na mayar da ƙwayayen duka, na tura makunnin sama. Faifan ya tashi. Na bi ɗaki ɗaki na kunna, na yaye zannuwan kujeru, na zauna a falo ƙarƙashin fanka. Gida ne mai kyau, Abba, sai jiya na gan shi sosai. Kuɓewa ta fara 'ya'ya, wanda ya saya ya sha miya.

Wayar ma na sa ta caji. Tana nan kusa da ni a kunne, ba ta yi ƙara ba.

Ba sai ka ga yadda za a yi ba. Andrew zai zo da motar ɗaukar doya ranar Asabar da safe, kayana ba su da yawa. Makulli ne kawai ya rage. In za ka zo ka karɓa daga hannuna, in gan ka kafin in tafi, to. In kuma Rosemary zan ba ta kai maka ofis kamar takarda, shi ma to.

Ka gaishe da Kauthar. Ka ce wa Nazeer da Sumayyah kakarsu tana Karshi, mota ɗaya ce. Allah ya yi maka albarka, ya ba ka wani gidan.

Ka ba ni amsa kafin Asabar.

Mahaifiyarka,
Rekiya